Hanta da Jini a Lambu: Yadda Ake Raba Shukar da Ta Sarƙe a Yi Mata Dashe

A gidan gwaggota a Jega akwai wani lungu bayan randunan ruwa, inda ruwan alwala da na wanke-wanke ke gangarawa. Wurin ba ya bushewa ko a tsakiyar bazara. Wani yaro ya sha mangwaro ya jefa ƙwallon a nan, tsuntsu ya kawo ƙwayar gwaiba a kashinsa, jemage kuma ya yar da ɗan dogon yaro. Duk ukun suka tsira a filin da bai fi faɗin faifai ba, ba wanda ya kula da su har suka shekara biyu. Da na je gaishe ta bayan ƙaramar Sallar bara, mangwaron ya kai ƙirjina, gwaibar ta rungume shi da rassa, dogon yaron kuwa ya zarce su duka ya fara yi musu inuwa.

Ta ce, "Ɗan ga, kai da ka san lambu, zo ka raba min iccen ga. Mangwaron ya tsaya nan, gwaibar a kai ta bayan ɗaki, dogon yaron a kai shi ƙofar gida mu samu inuwa."

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, yanzu ba lokacinsa ba ne, sai ruwa ya zauna. Kuma ko ruwan ya zauna, ɗaya daga cikinsu ba zai kai labari ba."

Ranta bai so ba, kuma na fahimce ta. Duk wanda tsiro ya fito masa a gida yana ganinsa kyauta ce daga Allah, ga shi mun taso da sanin cewa wanda ya dasa itace yana da lada a kan duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga gare shi. Sare ɗaya da hannunka abu ne mai nauyi. Sai dai na sha ganin mutum ya nace sai ya ceci duka, ya wayi gari ba ko ɗaya. Dalili kuwa shi ne idonmu yana kan ganye da reshe, alhali abin da ake rabawa yana ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ke faruwa da saiwa

Saiwa mai kauri da muke gani in an tono shuka, aikinta riƙe shukar, da ajiye abinci, da zama hanyar da ruwa ke bi ya hau sama. Masu shan ruwan kansa wasu ƙananan gashi ne farare, waɗanda suka fi zaren auduga siranta, suna fitowa dab da bakin kowace 'yar saiwa, suna manne da ƙwayoyin ƙasa. In aka fizgi shuka, su ne farkon tsinkewa. Waɗanda suka tsira kuma, in iska ta buge su na 'yan mintoci, sun bushe ke nan.

Shi kuwa ganye yana can sama yana ci gaba da harkarsa. A jikin kowane ganye, musamman bayansa, akwai ƙananan ƙofofi da ruwa ke fita ta cikinsu ya bi iska, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da shuka ta sha ta nan yake tafiya. Shukar da aka cire ta zama kamar randar da gindinta ke yoyo, ga shi mai ga-ruwa ya daina zuwa. Wannan shi ne yaushin da ake gani bayan dashe. Duk dabarun da magabata suka bar mana, da waɗanda malaman gona ke koyarwa, abu biyu suke nema: a rage asarar saiwa, a rage ruwan da ganye ke zubarwa, har zuwa ranar da sabon gashi zai fito. Kayan miya kan farfaɗo cikin kwana 3 zuwa 7. Itace kan ɗauki watanni.

Amma shuke-shuke ba ɗaya suke ba wajen jure wannan rauni. Akwai masu saiwa kamar geza, sirara masu yawa da ke fitowa daga gindi: albasa, shinkafa, gero, dawa, rake, ayaba. Waɗannan ko an tsinke rabin gezar, gindin zai tura sabuwa. Akwai kuma masu uwar saiwa guda ɗaya da ke nutsewa kai tsaye kamar turke: karas, kuɓewa, kankana, gurji, kabewa, wake, gyaɗa, gwanda, zogale, mangwaro, dogon yaro. In uwar saiwar ta karye, wasu su mutu, wasu su rayu a tsumbure. Karas ɗin da aka dasa, in ya rayu, zai fito da ƙafafu biyu ko uku, ba mai saye a kasuwa. Shi ya sa ba za ka ga mai hankali yana rainon kankana a gado don ya tumɓuke ya dasa ba, a raminta ake shuka ta. Tumatir da tattasai da attaruhu da gauta suna tsakiya: suna da uwar saiwa, amma suna saurin maye abin da suka rasa. Ku dubi giginya ma, wadda ta cika ƙasar Kabi. Ƙwallonta yakan tura muruci can cikin ƙasa kafin ganye ɗaya ya leƙo waje, don haka inda ake son ta tsaya, nan ake binne ƙwallon.

Kafin a ɗauki fartanya, tambayar farko ita ce wace irin saiwa ce a ƙasa. Ta biyu kuma, wace irin haɗuwa ce. Domin kalmar "sun haɗe" tana rufe abubuwan da ba su da alaƙa: akwai 'yan iri da suka cunkushe a gado, kowa da ransa, akwai uwa da 'ya'yanta, jiki ɗaya, akwai kuma baƙin juna da ƙaddara ta tara a rami ɗaya, irin na gidan Gwaggo.

Cunkoson gadon iri

Wanda ke son ganin dashe a hannun gwanaye, ya je Aliero ko Maiyama ko fadamun Jega tsakanin Nuwamba da Disamba, lokacin dashen albasa. Ana yafa iri a ƙananan gadaje wajen ƙarshen damina, a rufe da busasshiyar ciyawa, in ya tsira a yaye ciyawar. Bayan mako 6 zuwa 8, in ya yi ganye uku ko huɗu, kaurin wuyansa ya doshi na fensir, ya isa tashi.

Abin lura a aikinsu shi ne ba sa jan tsiro daga busasshiyar ƙasa. Ana shayar da gadon ya jiƙu sharkaf tun kafin a taɓa shi, sannan a soka fartanya ta ƙarƙashi a ɗago dunƙule guda, a girgiza, a warware da yatsu. A tsinke kan ganyen kamar kashi ɗaya cikin uku, a ɗaure dami-dami, a ajiye a inuwa a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Abin da aka cire yau, yau ake dasa shi, ruwa kuma yana biye da masu dashen fangali bayan fangali. Wani dattijo a can ya taɓa ce min, da na tambaye shi dalilin yanke ganyen, "Yaro, wanda aka rage wa abinci ai sai a rage masa iyali." Duk bayanin da na yi a sama na gashi da ƙofofin ganye, shi ke nan a jimla ɗaya.

Matsalar gado tana farawa tun ranar yafa iri. Hannu ya yi nauyi, iri ya zuba da yawa, tsirrai su fito kamar gashin kai. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Kowane tsiro yana tseren neman rana, sai su yi tsawo, su yi siriri, su yi fari. Iska ba ta ratsa su, laima ta zauna a gindi, sai ka ga wuyansu ya ruɓe daidai fuskar ƙasa suna kwanciya jere-jere. Maganin wannan shi ne cira tun suna ƙanana, kamar yadda ake wa gero. Wanda ya ji tausayin cirewa a mako na biyu, zai zo raba su a mako na shida ya tarar saiwoyi sun saƙe kamar tabarma.

Akwai wani kuskure da ido ke ja wa mutum: zaɓen manya. A albasa, tsiron da ya wuce lokaci ya yi ƙiba a gado, in sanyin hunturu ya kama shi bayan dashe, yakan fitar da karan fure maimakon ya yi kai, ko kan ya rabu biyu. Matsakaita su ne abin nema. A tumatir kuma kwana 25 zuwa 30 sun isa, tattasai da attaruhu mako 5 zuwa 6. Tumatirin da ya fara fure a gado ya riga ya tsufa, zai rayu amma ba zai biya wahalarsa ba. Kwanaki kaɗan kafin tashi, a riƙa rage ruwa, a janye rumfar da ke kansu sannu a hankali, su saba da rana tun suna gidansu.

Zurfin dashe ma kowa da nasa. Albasa gaɓar yatsa ɗaya ta ishe ta, santimita 2 zuwa 3, da tazarar santimita 10 zuwa 15. In aka nutsar da ita, kan ba ya buɗewa. Tumatir kuwa yana son a binne shi har kusa da ganyen farko, saboda karansa yana fitar da saiwa duk inda ya taɓa danshi, don haka tsiron da ya yi tsawo a cunkoso ana iya kwantar da shi a rufe rabin karan. Wanda ya ɗauki wannan dabara ya kai wa itace ya kashe shi, zan dawo kan wannan. Sannan a riƙe tsiro ta ganye ko ta dunƙulen ƙasarsa. Ganye in ya yage wani zai fito, kara in ya murje shi ke nan.

Shinkafa: nawa a rami?

Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman shinkafar rani ya bunƙasa a fadamun Argungu, Augie, Suru, Bunza da Bagudo, kuma akasarinsa dashe ne. A nan ne nake ganin asarar da ba a lissafawa. Mai dashe yana sauri, ya cafko tsiro shida ko takwas ya cusa a rami ɗaya, mai gona kuma ya ga fili ya yi kore shar tun ranar farko ya ji daɗi. Amma shinkafa haihuwa take yi: tsiro ɗaya, in ya samu sarari, yakan fitar da 'ya'ya da yawa daga gindinsa, kowanne da zangarniyarsa. Takwas a rami ɗaya kuwa gasa suke da juna, an mayar da cunkoson gado cikin gona ke nan.

Abin da aka saba ba da shawara a kai ga iri irin su FARO 44 shi ne tsiro mai kwana 14 zuwa 21, biyu ko uku a rami, tazarar santimita 20 kowane gefe, kuma kada a nutsar da shi, domin gindin da aka binne da zurfi yana jinkirin haihuwa. Akwai wata hanya da wani limamin Kirista ɗan Faransa ya ɓullo da ita a Madagaska a shekarun 1980, wadda ta wuce nan: tsiro ɗaya tak, mai kwana 8 zuwa 12, tazarar santimita 25, ƙasa da danshi ba tare da ruwa ya kwanta kullum ba. Tana rage iri sosai. A ganina tana da kyau ga wanda filinsa ya daidaita kuma ruwa ke hannunsa, mai injin ban-ruwa ko wanda ke kan magudanun Bakolori a Talata Mafara. Wanda ke ƙasan fadama inda ruwa ke zuwa yadda ya ga dama, biyu ko uku sun fi masa kwanciyar rai, don jaririn tsiro guda ɗaya in ruwa ya shanye shi ramin ya tashi a banza. In an samu giɓi bayan mako guda, ana iya tsaga gindin da ya yi yawa a cike da shi, shinkafa ba ta ƙin haka.

Yaye

Ayaba dabam take. Abin da ke kewaye da uwa 'ya'yanta ne, daga dunƙulen gindinta suka fito, kuma har yanzu suna tsotsa daga gare ta. Raba su yaye ne, yaye kuwa yana da lokaci da ladabi.

A cikin 'ya'yan akwai iri biyu, kuma a nan ma ido yana yaudara. Akwai mai faffaɗan ganye tun yana ƙarami, kyakkyawa, kamar ƙaramar ayaba cikakkiya. Akwai mai ƙaton gindi da siririn kai, ganyensa tsukakke kamar takobi. Na biyun shi ne na dashe. Ganyensa ya tsuke ne don uwa tana ciyar da shi sosai, bai buƙaci ya nemi rana da kansa ba, abinci yana taruwa a gindinsa. Mai faffaɗan ganyen alaƙarsa da uwa ta yi rauni, dole ta sa ya buɗe ganye da wuri, kuma nononsa ba ya yin girma.

In ɗan ya kai rabin mita zuwa mita ɗaya, a tone ƙasar da ke tsakaninsa da uwa har a ga inda suka haɗu, a sa kaifaffen ƙarfe a yanke da sara ɗaya, bakin ƙarfen yana fuskantar wajen ɗan don kada a ji wa uwa rauni. Murɗawa da ja har ya ɓalle yana barin yagaggen ciwo a jikin su biyun, ta nan ruɓa ke shiga. Kada kuma a kwashe 'ya'ya da yawa lokacin da uwa ke ɗauke da nono, gindinta zai saki, iskar farkon damina ta kayar da ita. Bayan an ciro, a fere gindin kamar ana feren doya: a cire duk saiwa da baƙin tabo har farin nama ya bayyana, domin a nan ƙwaron da ke huda gindin ayaba da tsutsar saiwa ke ɓuya. Masu bincike na cibiyar nazarin noma ta IITA da ke Ibadan sun koyar da tsoma ferarren gindin a tafasasshen ruwa na daƙiƙa 30, a fitar nan take. Da wuya mutum ya yarda da wannan sai ya gani da idonsa, amma gindin yana da kaurin da zafin ba ya kai cikinsa, ƙwarin da ke baya-baya ne ke mutuwa. A kowane gindi a bar uku kawai: uwa mai nono, 'yar da za ta gaje ta, da jika. Sauran a yaye ko a sare.

Haka dabino yake, sai dai shi yayensa shekaru yake ɗauka, ana jira ɗan ya yi nauyi ya yi saiwar kansa. Amfanin wannan jira babba ne: ɗan da aka cire daga gindin macen dabino mace ne, kuma 'ya'yansa irin na uwarsa ne sak, alhali ƙwallo kusan rabi maza yake bayarwa, ba kuma za ka sani ba sai bayan shekaru. Na'a-na'a da ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami kuwa ba su da wuya: a tono, a tsaga da hannu ko wuƙa, kowane yanki da saiwarsa, a aske ganye, a dasa, a shayar.

Mangwaro yana da nasa abin mamaki. Yawancin mangwaronmu na gida, ƙwallo ɗaya yakan fitar da tsiro biyu, uku, har fiye. Ana iya raba su, amma da wuri: a jira jan ganyen farko ya rikiɗe ya koma kore, a tono ƙwallon gaba ɗaya, a wanke ƙasar a bokiti, a ɓamɓare su a hankali kowanne da ɓallin ƙwallon da ke manne da shi, a sa a leda a inuwa. Itacen da ke cikin sabon tofo, ganyensa ja da laushi, ba a taɓa shi, don a lokacin ne ya fi zubar da ruwa. Sannan wanda ya sayi mangwaro ko lemu mai aure ya sani cewa itace biyu ne aka haɗa da gangan. Duk tofon da ya fito ƙasa da tabon auren na gindin ne, ba na irin da ya biya kuɗi dominsa ba. A karye shi tun yana ɗanye, in an bar shi zai fi ƙarfin na saman.

Ba kuma kowace haɗuwa ce ke neman rabuwa ba. Gero da wake da gangan muke haɗa su, gawo kuwa yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana. Kauci a kan reshe da wuta-wuta a gindin dawa su kuma ba maƙwabta ba ne, shan jini suke yi, maganinsu sara da tumɓukewa kafin su yi iri.

Lungun Gwaggo

Itatuwa uku masu shekara biyu a rami ɗaya sun zama hanta da jini. Ba hannun da zai warware saiwoyinsu kowa ya tashi da nasa cif. Dole a yanke, kuma wuƙa tana faɗawa ne a kan wani. Don haka aikin farko shi ne hukunci: wa zai zauna, wa zai tashi, wa za a haƙura da shi.

Mangwaro ya zauna, don shi ne mafi daraja a wurinta, kuma uwar saiwarsa ta riga ta yi nisan da ba za a tono ta lafiya ba. Gwaiba ta tashi, don saiwarta a sama-sama take yaɗuwa kuma tana jure sara. Dogon yaro shi ma uwar saiwa gare shi, ta nutse kafaɗa da kafaɗa da ta mangwaron. Tono shi yana nufin tone mangwaron. Taura biyu ba ta taunuwa. Ga shi kuma ɗan dogon yaro ba abin wahalar samu ba ne, a gindin kowace bishiya ana tsintar su da damina. Na sare shi daidai fuskar ƙasa, ban ja ba, saiwarsa ta ruɓe a inda take. Haka ake yi wa gwanda: a shuka uku a rami, in sun yi fure an gane maza, a sare su, ba a tumɓukewa.

Gwaibar a zama biyu muka tashe ta. A watan Mayu na haƙa rabin da'ira a gefen da ba ya kallon mangwaron, kamar santimita 30 daga gindinta, zurfin kamu ɗaya. Duk saiwar da na tarar na yanke ta da kaifaffiyar adda, na mayar da ƙasa mai laushi gauraye da ruɓaɓɓen taki, na ce a riƙa shayarwa. Hikimar ita ce saiwar da aka yanke takan fitar da ƙanana masu yawa a bayan yankan, kusa da gindi, wato a cikin dunƙulen da za a ɗauka daga baya. Itacen yana jinyar rabi yayin da ɗaya rabin ke ciyar da shi. Ma'aunin da masu rainon itatuwa ke bi shi ne kowane santimita ɗaya na kaurin kara a ba shi santimita 10 zuwa 12 na faɗin dunƙule.

Ba mu ɗaga ta a lokacin ba saboda a Maris da Afrilu zafin ƙasar nan yana haura digiri 40, Mayu ma bai huce ba, kuma ruwan farko ba abin dogaro ba ne, yakan sauka ya ɗauke mako biyu. Hunturu yana da sanyi, shi ya sa kayan lambu ke jin daɗinsa, amma busasshiyar iskarsa tana tsotse ganyen itace. Mun jira farkon Yuli, ƙasa ta sha, sama ta yi lumshi, muka fara bayan la'asar domin ta samu dare guda cur kafin rana ta gan ta.

Ramin bayan ɗaki tun da safe aka haƙa shi, faɗinsa ninki biyu na dunƙulen, zurfinsa daidai da shi. Wannan shi ne abin da na ce zan dawo kansa: wuyan itace, inda kara ya haɗu da saiwa, dole ya tsaya a inda yake a da. In aka binne shi, ɓawon yana ruɓewa a hankali, itacen ya yi shekara yana ciwo ba a san dalili ba. Ba mu zuba takin zamani a ramin ba, ba kuma ɗanyen kashin kaji ko na shanu, duka suna ƙona yankakkiyar saiwa.

Gefen da ke kallon mangwaron shi ne mai wuya. Na riƙa zuba ruwa da buta ina wanke ƙasar don in ga wace saiwa ce ta wa. Wadda na gane ta gwaiba ce na bi ta na zare, wadda na yi shakka na bar wa mangwaron, na yanka ta wajen gwaibar. Na duba saiwoyin da kyau kafin mu ɗaga, domin gwaiba da tumatir da kuɓewa suna fama da wata tsutsa da ido ba ya gani, wadda ke sa saiwa ta kumbura ƙulli-ƙulli kamar carbi. Shukar da ke da wannan ba a kai ta sabon wuri, cutar ake kaiwa. Kada a rikita shi da ƙullutun da ke jikin saiwar wake da gyaɗa: waɗancan a gefe suke manne, suna ɓallewa in an murza, cikinsu ja-ja, kuma taki suke ƙara wa ƙasa. Ta Gwaggo lafiya lau take.

Muka zura buhu ta ƙarƙashin dunƙulen, muka ɗaure, mu biyu muka ɗauka ta buhun, ba wanda ya riƙe kara. Aka saka, aka cika rabi, aka zuba ruwa ƙasa ta zauna, aka ƙarasa cikawa, aka taka a hankali. Na rage rassan kusan rabi, na tsinke furanni da 'yan ƙananan 'ya'yan da ta fara. A nan Gwaggo ta ce, "Haba ɗan ga, har da ɗiyan?" Na ce, "Gwaggo, mai jinya ba ta goyo." Aka kafa mata zana ta yamma, aka baza busasshiyar ciyawa a kewaye ba tare da ta taɓa karan ba saboda gara, aka zagaye da ƙaya saboda awaki. Na bar saƙo cewa in ruwan sama ya yi kwana biyu ko uku bai sauka ba, a tura yatsa a ƙasa, in ya fito a bushe a ba ta bokiti guda a zama ɗaya. Yayyafin kullum saman ƙasa kawai yake jiƙawa, yawan ruwa kuma yana shaƙe saiwa, don ita ma iska take buƙata.

Bayan kwana biyar aka kira ni a waya, wai ganyen gwaiba yana zuba. Na tambaya, yana faɗuwa da kansa ne, ko ya bushe ya maƙale a reshe? Aka ce faɗuwa yake, an share har sau biyu. Hankalina ya kwanta, domin itace mai rai ne ke iya sakin ganyensa. Wanda ganye ya bushe a jikinsa ya ƙi faɗuwa shi ne abin tsoro. Na ce a kankare ɓawon reshe da farce, aka ce kore ne a ciki. A mako na uku ta fara tofo. Mangwaron bai ko yi yaushi ba, kuma da ya samu rana shi kaɗai, kafin kaka ya yi sabon ganye har sau biyu. Kututturen dogon yaron ya sake tofowa sau huɗu, jikanta yana bi yana karyewa, a na biyar bai fito ba. Wanda ke ƙofar gida yanzu wani ne dabam, a leda ta raine shi da kanta, ta dasa shi a watan Agusta.